Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi? Rolling Stones da Bashin Makaɗan Buluz

Ranar 17 ga Oktoba 1961, a tashar jirgin ƙasa ta Dartford, wani gari da ke gefen Landan ta wajen gabas, wasu samari biyu suka ci karo suna jiran jirgin safe. Tare suka yi firamare, amma an kwana biyu rabonsu da juna. Keith Richards yana saɓe da jita, zai tafi makarantar koyon zane a Sidcup. Mick Jagger kuwa ɗalibi ne a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan, ya maƙale faya-fayan garmaho a hammata. Su ne suka ɗauki idon Richards: ɗaya na Chuck Berry, ɗaya na Muddy Waters, gwanin buluz, wato tsohon salon kiɗan baƙaƙen Amurka. Irin waɗannan faya-fayai ba kasafai ake ganinsu a kantunan Ingila ba a lokacin. Wasiƙa Jagger yake rubutawa har Shikago, kamfanin Chess ya aiko masa da su ta gidan waya. Kafin jirgi ya sauke su sun sabunta abotar da ta haifi Rolling Stones, ƙungiyar da har yanzu, bayan jagororinta biyu sun haura shekara 80, take cika filin ƙwallo da 'yan kallo.

Abin da ya sa na tono wannan labari wata gardama ce da ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Akwai wani abokina, tsohon malamin makaranta, wanda ya tashi da sauraron kiɗan baƙaƙen Amurka a kaset tun muna samari. Da zarar an ambaci Rolling Stones ko Led Zeppelin, wata ƙungiyar makaɗan Ingila, sai ya yamutsa fuska ya ce, "Malam, bar su, ɓarayi ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." Na shekara da shekaru ina goyon bayansa, domin maganar tana da daɗin faɗa, kuma ta yi daidai da abin da muka sani na halin Turawan Ingila a ƙasarmu: su kwashi gyaɗa da auduga da arha, su dawo mana da sabulu da atamfa da tsada. Amma da na bi labarin daki-daki sai na sauka daga wannan ra'ayi, ko da yake ban koma ɗaya gefen gaba ɗaya ba. An yi cuta, babba ma kuwa. Sai dai in aka jera waɗanda suka yi ta, samarin Dartford ba su ne a sahun gaba ba. A ganina abu biyu ke raba mai aro da ɓarawo a harkar kiɗa: ambaton sunan wanda ka ɗauko daga gare shi, da biyan sa haƙƙinsa. A na farko Rolling Stones sun fi kusan duk tsaransu. A na biyu suna da tabo, kuma zan nuna inda yake.

Bari mu fara da kurar. Muddy Waters laƙabi ne, sunansa na yanka McKinley Morganfield. Ya tashi a gandun auduga na Stovall, kusa da Clarksdale a jihar Misisifi, inda jikokin bayi ke noma ƙasar Bature ana raba amfani, rabon da kullum ke ƙarewa manomi na cikin bashi. Tarakta yake tuƙawa da rana, da dare ya kaɗa jita. A 1941 wani mai tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, ya zo da na'ura ya ɗauki muryarsa a ƙofar ɗakinsa. Ladan da ya biyo baya dala 20 ne da kwafin faifai biyu. Amma jin muryarsa da ya yi tana fitowa daga na'ura shi ya buɗe masa ido. A 1943 ya hau jirgi zuwa Shikago, kamar yadda dubban baƙaƙen kudu ke yi a lokacin don gudun wariya da talauci. A can ya tarar jitar katako ba ta iya ratsa hayaniyar mashaya, sai ya koma mai lantarki, ya haɗa da ganga da fiyano da harmonika. Wannan haɗin shi ne ƙashin bayan abin da daga baya duniya ta kira kiɗan rok. A 1950 ya fitar da wata waƙa mai suna "Rollin' Stone". Sunan ƙungiyar da muke magana a kai daga nan aka ciro shi, ba a ma ɓoye ba.

Kamfanin da ke buga faya-fayansa na wasu 'yan'uwa biyu ne, Leonard da Phil Chess, Yahudawa 'yan ci-rani daga Poland. Dangantakarsu da makaɗansu duk Bahaushe zai gane ta, domin ta ubangida da bara ce. In makaɗi na son mota a saya masa, in matarsa ta haihu a biya asibiti, in kuɗin haya ya taso a miƙa masa. Abin da ba a cika nuna masa ba shi ne littafin lissafi: faifai nawa aka sayar, nawa ne rabonsa, nawa aka cire na motar. Makaɗin fada a ƙasar Hausa shi ma riga da doki yake samu, ba ya tambayar lissafi, amma shi sarki ba ya sayar da waƙarsa a kasuwa. A nan kuwa ana sayarwa. Shi ya sa a shekarun 1970 Muddy Waters da Willie Dixon, wanda ya rubuta da yawa daga manyan waƙoƙin Chess, suka kai ƙarar Arc Music, kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin nasu, suna neman kuɗinsu. A lura, wannan shari'a tsakanin Amurkawa ce a cikin Amurka. Babu ɗan Ingila ko ɗaya a ciki.

Wani abin kuma da abokina ba ya son a faɗa: zuwa farkon shekarun 1960 buluz ya fara tsufa a gidansu. Samarin baƙar fata sun koma kiɗan zamani na Motown da irin su James Brown. Buluz a kunnensu kiɗan iyaye ne, yana tuna musu gandu da alfadari da "ranka ya daɗe" ga Bature. Farar fatar Amurka kuwa yawancinsu ba su ma san da shi ba, don gidajen rediyon a rabe suke kamar yadda makarantu da wuraren cin abinci suke a rabe. Mutum yana iya zama a Shikago shekara 20 bai taɓa jin sunan babban mawaƙin buluz Howlin' Wolf ba, alhali tsakaninsu tafiyar bas ce.

To me ya kai wannan kiɗa kunnen yaran Ingila? Ƙasar ta fito daga yaƙi a jigace. Sai 1954 aka daina rabon abinci da kati. Yaran da aka haifa lokacin yaƙi sun tashi cikin kangaye da hazo da kiɗan rediyo mai sanyi kamar kunun jiya. Sannan a 1960 gwamnati ta daina kiran samari aikin soja na dole, sai tsaran Jagger da Richards suka tsira da shekara biyun da a da bariki zai cinye. Da yawansu suka faɗa makarantun zane, inda karatu ba shi da tsanani, jita kuwa tana yawo daga hannu zuwa hannu. A gefe guda wani mai busa, Chris Barber, ya riƙa gayyato makaɗan baƙar fata daga Amurka. Shi ya kawo Sister Rosetta Tharpe a 1957, ya kawo Muddy Waters a 1958. Wasu masu sauraro ma sun ji haushin Muddy a zuwan nan, domin sun zo ganin talakan ƙauye da tsohuwar jita, sai suka tarar da ɗan birni cikin kwat yana girgiza zaure da lantarki. Wannan ma wani nau'in raini ne: son mutum ya zauna a cikin wahalarsa don ya fi daɗin kallo.

Daga cikin yaran Barber aka sami Alexis Korner da Cyril Davies, waɗanda a 1962 suka buɗe dandalin buluz a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Ealing. A nan Jagger da Richards suka ga wani saurayi daga Cheltenham, Brian Jones, yana zamiya a kan tsirkiyar jita irin ta mutanen Misisifi. Tsananin son da yake wa makaɗin buluz Elmore James har ya sa wa kansa suna Elmo Lewis. Jones ne ya haɗa ƙungiyar, shi ya raɗa mata suna. Suka fara fitowa ranar 12 ga Yuli 1962 a gidan rawa na Marquee da ke titin Oxford. Bill Wyman ya shigo a ƙarshen shekarar, mai ganga Charlie Watts ya biyo baya a Janairun 1963. Sanyin wannan shekara na daga mafi tsanani da Ingila ta gani a ƙarnin, su kuwa uku daga cikinsu suna cunkushe a wani ƙazamin gida a Edith Grove, ba kuɗin wuta, ba abinci sosai, suna juya faifan Jimmy Reed da na Muddy Waters safe da yamma har sai yatsa ya kama abin da kunne ya ji. Ina dagewa a kan wannan wuri domin mai neman kuɗi ba ya bin wannan hanya. A 1962 babu wani mai hankali a Landan da zai ce buluz zai yi arziki. Almajirci suka yi, sai dai malamin yana nesa, faifai ne allon.

Arzikin ya zo da sauri. A 1963 suna kaɗawa duk Lahadi a Crawdaddy da ke Richmond sai wani yaro ɗan shekara 19, Andrew Loog Oldham, ya gan su ya zama manajansu. Kamfanin Decca, wanda ya yi asarar Beatles a baya kuma yake cizon yatsa, ya ɗauke su ba gardama. Oldham ɗan talla ne na gaske. Ya ga Beatles sun kama gurbin yaran kirki, sai ya sayar da nasa a matsayin 'yan iskan gari, masu tulin gashi da ɗaure fuska, waɗanda uba ba zai so ya gan su a ƙofar gidansa ba. Har mai fiyanonsu, Ian Stewart, ya cire daga hoto don wai siffarsa ba ta dace ba kuma mutum shida sun yi yawa. Stewart ya haɗiye, ya ci gaba da tuƙa musu mota da kaɗa musu fiyano a bayan fage har ya rasu a 1985. Faifansu na farko waƙar Chuck Berry ce. Babban faifansu na farko, na Afrilun 1964, waƙa 12 ne, ɗaya tak ke ɗauke da sunan Jagger da Richards. Yawancin sauran na baƙaƙen Amurka ne, kuma an rubuta sunayen masu su.

A Yunin 1964 suka taka Amurka, wata guda kafin a sa hannu a dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a. Inda suka fi ɗokin zuwa shi ne lamba 2120 a titin South Michigan, situdiyon Chess. Richards ya sha ba da labarin cewa sun tarar da Muddy Waters a kan tsani yana fentin silin don kasuwa ta ja baya. Marshall, ɗan Leonard Chess, ya ce sam ba a yi haka ba, wasu ma da suka san Muddy da ƙwalisa sun ce ba mai ganin sa da bokitin fenti. Ni na fi karkata ga masu musun, amma yadda labarin ya kama bakin mutane ya nuna akwai gaskiyar da yake ɗauke da ita: mutumin da suke ɗauka sarki, a garinsu ba a san darajarsa ba. A situdiyon nan suka ɗauki "It's All Over Now", wadda ta zama waƙarsu ta farko da ta hau saman jeri a Birtaniya. Mai waƙar, Bobby Womack, ya fusata ƙwarai, don nasa faifan bai daɗe da fita ba suka danne shi. Shi da kansa ya sha faɗa cewa da cakin kuɗin haƙƙinsa ya iso sai fushin ya sauka. Ga dukan gardamar a dunƙule cikin mutum guda: an sha gabansa a kasuwa don launin fatarsa, amma da yake an rubuta sunansa, kuɗi ya same shi.

A ƙarshen shekarar suka yi abin da 'yan kasuwa suka hana su. Suka fitar da "Little Red Rooster", buluz tsantsa mai jan jiki, rubutun Willie Dixon da Howlin' Wolf ya fara rerawa a 1961, kuma ta kai lamba ɗaya a Birtaniya. Sannan a Mayun 1965 da aka gayyace su shirin talabijin na Shindig a Amurka, shirin da 'yan matan farar fata ke kallo, suka nemi lallai a kawo Howlin' Wolf. Hoton yana nan har yau, kowa na iya nema ya gani. Ƙaton baƙin mutum mai shekara 50 da ɗoriya yana tsaye yana ruri, yaran Ingila suna zaune a ƙasa a gefensa kamar ɗalibai a zauren malam. A Amurkar 1965, shekarar da 'yan sanda suka lakaɗa wa masu zanga-zanga dūka a gadar Selma, wannan zama ba ƙaramin abu ba ne. Haka a zagayen 1969 suka sa B.B. King da Ike da Tina Turner a gabansu. A hira da 'yan jarida ba sa gajiya da cewa a je a nemi na asali.

Mu da muka tashi a al'adar karatun zaure mun san nauyin wannan. Malami ba ya buɗe littafi sai ya ce na karanta shi wurin wane, shi kuma wurin wane. Ilimin da ba shi da silsila ana kallon sa da shakka, mai ɓoye malaminsa kuwa ana ganin ba zai yi albarka ba. Haka maƙeri, haka maɗinki, haka makaɗi: yaro ya yi shekaru yana amshi, ran da ya kafa tasa ƙungiya ya ambaci ubangidansa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. Da ɗaukar salon wani laifi ne, da Muddy Waters ma mai laifi ne, don shi ma daga Son House da Robert Johnson ya ɗauko, kuma "Rollin' Stone" ɗin kanta tsohuwar waƙar Misisifi ce ya sake wa riga.

Yanzu ga tabon. A 1965 suka fitar da "The Last Time" da sunan Jagger da Richards, alhali amshinta daga wata waƙar coci ce da Staple Singers suka ɗauka a faifai shekaru kafin nan. Richards da kansa ya amsa haka daga baya. Hujjar ita ce waƙar ta gargajiya ce, ba ta da mai ita, don haka Staple Singers ba su sami ko sisi ba. A 1968 wata waƙar Robert Wilkins, tsohon makaɗi da ya zama fasto, ta fito a bugun farko da sunansu, sai daga baya aka gyara. A 1969 waƙar Robert Johnson ta fito da wani suna na daban, aka ɗauke ta a matsayin marar mai ita, sai da kotu ta shiga a shekarar 2000. Wannan kalma ta "gargajiya" ita ce ƙofar da aka fi shiga a kwashi kayan talaka. Dokar haƙƙin mallaka tana kare wanda ya rubuta. Wanda ya gada a baka, ya rera a coci ko a gona, doka ba ta ganin sa.

Abin dariya, in dariyar ta yiwu, ya zo a 1997. Wata ƙungiyar matasan Ingila, The Verve, ta ɗauki ɗan guntun kiɗa daga wani faifan da aka sake kaɗa "The Last Time" ɗin nan da goge. Kamfanin Allen Klein, mai riƙe da haƙƙin tsofaffin waƙoƙin Rolling Stones, ya taso musu, aka karɓe kuɗin waƙar, aka liƙa sunan Jagger da Richards. Wato abin da aka ɗauko kyauta daga cocin baƙar fata ya zama dukiyar da ake ƙwace wa wani abinci a kanta. Sai a 2019 Jagger da Richards suka mayar wa Richard Ashcroft, mawaƙin The Verve, haƙƙinsa. Shekara 22. Shi kuma Klein ɗin, tsohon manajan Rolling Stones ne da suka rabu da shi suka tarar duk abin da suka ɗauka a shekarun 1960 ya zama na kamfaninsa. Gardin ma ashe akwai mai kwashe masa.

In ana son ganin bambancin da nake nufi, a dubi Led Zeppelin, waɗanda suka taso a 1968. Gwanaye ne, ba mai musu. Amma a faifansu na biyu, na 1969, akwai waƙoƙi uku da suka jingina da aikin Willie Dixon da Howlin' Wolf ba tare da sunansu ba. Biyu Arc Music ya bi su a kai a farkon shekarun 1970. Ta ukun, "Whole Lotta Love", wadda baitocinta suka fito daga waƙar da Dixon ya rubuta wa Muddy Waters a 1962, sai a 1985 Dixon ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu a 1987, yanzu sunansa na jiki. A nan abokina yana da gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma na faɗa masa. Abin da na ƙi shi ne a zuba su duka a buhu ɗaya. Wanda ya zaunar da malaminsa a gaban kyamara da wanda sai lauya ya tuna masa sunan malamin ba ɗaya ba ne.

Akwai wata suka ta daban da ba ta shafi kuɗi ba. Ana cewa ta yaya Jagger, ɗan malamin makaranta daga Ingila, zai rera kukan wanda kakansa bawa ne? Zanen aro ba ya rufe katara. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma duk mai kunne zai ji ta. Ka saurari Howlin' Wolf, sannan ka saurari Jagger na 1964 a waƙa ɗaya, za ka ji yaro ne ya sa babbar rigar ubansa tana jan ƙasa. Amma su ma sun san haka, shi ya sa ba su tsaya a kwaikwayo ba. Daga 1965, da "Satisfaction" ta hau saman jeri a Amurka, suka koma rera abin da ya dame su: talla, gajiya da rayuwar birni, mata, ƙwaya, tarzoma. Harshen kiɗan na Shikago ne, zancen na Landan. Wannan shi ne aro mai amfani, ka koyi saƙa wurin wani ka saƙa naka zanen. Wanda ya fi kowa son a tsaya a buluz tsantsa, Brian Jones, shi aka bari a baya. Ƙwaya ta ci shi, aka sallame shi a Yunin 1969, aka tsinci gawarsa a tafkin wanka na gidansa ranar 3 ga Yuli yana da shekara 27.

Abin da ba zan iya wankewa ba, kuma ba laifin mutum biyar ba ne, shi ne girman tazarar. Rolling Stones sun zama masu jirgin sama da gidaje a ƙasashe. Muddy Waters ya sami suna, ya sami masu sauraro farar fata a jami'o'i da bukukuwa, ya sayi gida a wajen Shikago, ya mutu cikin rufin asiri a 1983. Wannan ya fi abin da da yawa daga tsaransa suka samu, amma ba a haɗa shi da na almajiransa. Dalili kuwa kasuwa ce: Amurkawa farar fata sun fi son su sayi kiɗan maƙwabcinsu baƙi daga hannun baƙo fari mai karin harshen Ingila. Sai da kayan gida ya tsallaka teku ya dawo cikin sabon kwali sannan aka yarda kaya ne. In ana neman wanda za a kama da hannu dumu-dumu, a fara da mai gidan rediyon da ya ƙi sa Howlin' Wolf ya sa Jagger, da mai sayen da ya yi daidai da shi.

Ina jin nauyin ɗaga murya da yawa a kan wannan batu saboda laifi tudu ne. Shekara nawa waƙoƙin finafinanmu suna hawa karin waƙoƙin Indiya, har da masu bege, ba tare da an ambaci mai karin ba, balle a aika masa da wani abu? Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu suna cikin kowace waya, ana tura su a bakin kasuwa a kan 'yan kuɗi kaɗan, ana yanka su a ɗora a bidiyo, matasa na ɗaukar amshinsu su zuba a sabon kiɗa. Ni kaina wayata cike take da su, kuma ban biya magadansu ko kwabo ba. Mu ma kalmar da muke fakewa da ita ita ce "gargajiya", kamar waƙar daga sama ta faɗo, ba wani ne ya kwana yana tsara ta ba.

Kuma zancen buluz bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Masana sun daɗe da nuna cewa banjon Amurka jikan molo da danginsa ne na Afirka ta Yamma, bayi suka tafi da fasaharsa a kai. Ali Farka Touré na Mali da ya ji John Lee Hooker cewa ya yi wannan ai kiɗan gidansu ne. Yau kuma jitar lantarki ta dawo Sahel: Bombino na Agadas da Mdou Moctar suna zagaya Turai da Amurka. Faifan Mdou na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinan Hausa, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ba suna ba lada, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin wayoyin Sahara ya ji shi, ya bi sawu ya nemo mai shi. Da bai nemo shi ba, da waƙar ta shiga duniya a matsayin "kiɗan Buzaye na gargajiya", mai ita yana gida ba labari.

A Nuwamban 1981 Rolling Stones suna zagayen manyan filaye a Amurka, suka ratse wata 'yar mashaya a kudancin Shikago, Checkerboard Lounge, inda Muddy Waters ke wasa. An ɗauki daren a bidiyo. Tsohon yana zaune a kan kujera da jitarsa, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya da suna su hau dandamali, kamar yadda ubangida ke kiran yaransa. A 2016, yawancinsu suna da shekara 70 da ɗoriya, suka koma suka cika faifai guda da tsofaffin waƙoƙin buluz, kowace da sunan mai ita. Na nuna wa abokina bidiyon 1981 ɗin. Ya kalla har ƙarshe, ya ce, "To, na ga ladabi. Nawa suka ba shi?" Ban amsa masa ba.

Shi kuwa Willie Dixon, kafin ya rasu a 1992, ya kafa gidauniya mai suna Blues Heaven don taimaka wa tsofaffin makaɗa da magadansu su ƙwato haƙƙinsu, da kuma wayar da kan matasa a kan harkar kwangila. Bayan rasuwarsa matarsa Marie ta sayi tsohon ginin Chess, lamba 2120 a titin South Michigan, ta miƙa wa gidauniyar. Can ofishinta yake yanzu, a ginin da Jagger ke aika wa wasiƙa yana neman faifai.